Neman kalma: me za mu kira "drug interaction" da Hausa? Batun allurar rage ƙiba da ƙwayar tazarar haihuwa

Mai zare: Salamu alaikum jama'a. Masu harhaɗa magunguna, ungozomomi da malaman Hausa, ku matso kusa, kalma nake nema. Likitoci kan ce "drug interaction" idan magani biyu sun haɗu a jikin mutum ɗaya, wani ya sauya yadda wani ke aiki. A rediyo da shafukan lafiya kowa fassararsa yake yi: wannan ya ce mu'amalar magunguna, wancan ya ce hulɗar magunguna. Ka faɗa wa matar da ta zo karɓar magani ɗaya daga cikin biyun nan, za ta ɗauka zancen cinikin magani kake yi.

Abin da ya taso da maganar shi ne allurar rage ƙibar nan da ake yayi, Mounjaro. Sunan sinadarinta tirzepatide, kamfanin Eli Lilly na Amurka ke yin ta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022 don masu ciwon suga, sannan a 2023 ta amince da ita don rage ƙiba da sunan Zepbound. Sau ɗaya ake yin ta a mako. Tana kwaikwayon sinadaran da hanji ke saki bayan an ci abinci, sai mutum ya ji ya ƙoshi da wuri, abincin kuma ya daɗe bai sauka hanji ba. To ƙwayar tazarar haihuwa ita ma ta wannan hanyar take bi, sai ta isa ƙaramin hanji jiki ke tsotse ta zuwa jini.

A takardar da ke cikin kwalin allurar an rubuta abin da aka gani da aka gwada su tare. Bayan allura ɗaya mai miligiram 5, ƙololuwar sinadarin ethinyl estradiol na ƙwayar a cikin jini ta faɗi da kashi 59 cikin ɗari, jimillar abin da ya shiga jini ta ragu da kashi 20, kuma ƙwayar ta yi lattin kai wa ƙololuwa da awa biyu da rabi zuwa huɗu da rabi. Shi ya sa kamfanin ya ce mai shan ƙwaya ta koma wata hanyar da ba ta baki ba, ko ta haɗa da kwaroron roba, tsawon mako 4 bayan allurar farko, da wasu mako 4 duk lokacin da aka ƙara mata awo. To wannan abin da allurar ke yi wa ƙwayar, mene ne sunansa?

Wata ungozoma: Wa alaikumus salam Malama. Ai mu a ɗakin awo ba mu taɓa rasa kalma ba. Mata cewa suke "yana kashe magani". Kar ki sha nono, yana kashe magani. Kar ki sha tsami, yana kashe magani. Kowa ya san wannan, har kakata ta sani. Me ya sa za mu bar abin da ke bakin mutane mu je ƙirƙiro wani?

Wani malamin Hausa: Ina bayan Hajiya ungozoma a kan cewa a fara duba abin da harshen ya riga ya tanada. Muna da makari, abin da ke karya ƙarfin dafi ko guba ko asiri. Sai a ce allurar makarin ƙwayar ce. Kalma ce tsohuwa, gajera, ba ta buƙatar bayani.

Mai zare: Anti, na yarda "kashe magani" tana bakin kowa, kuma ba duka camfi ba ne. Nono da madara da gaske suna hana jiki tsotsar tetracycline da ciprofloxacin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yadda ya kamata, don sinadarin ƙashi da ke cikinsu yana kama maganin tun a hanji. Matsalata da kalmar a nan ita ce abin da mace za ta aikata bayan ta ji ta. Abin da aka kashe ya mutu, ba a ci gaba da wahala a kansa. Kin ce mata allurar tana kashe ƙwayar, gobe ta jefa katin a ƙasan akwati, tunda me za ta yi da mataccen magani? Alhali ƙwayar ba ta mutu ba. Mafi yawanta tana shiga jini, sai dai a makare kuma a rage, kuma wannan nawar ta fi tsanani a farkon allura, tana sassautawa idan jiki ya saba. Umarnin shi ne ta ci gaba da sha kullum ta ƙara wata kariya a kai. Kalmar da za ta sa ta daina sha ta yi mana ɓarna fiye da rashin kalmar.

Malam, makari kuwa da gangan ake nemansa. Wanda maciji ya sara ake nemo wa makari, ana murna idan an samu. Kar mu wayi gari wata mai son haihuwa ta je neman allurar don ta karya ƙwayar da ta sha.

Ga tawa shawarar: dakushewa. Mun riga muna cewa magani yana da kaifi. Wuƙar da ta dakushe ba ta daina zama wuƙa ba, tana yanka, amma ba ka dogara da ita ranar layya. Allurar tana dakushe ƙwayar. Mai jin haka ta san abu biyu a take: ƙwayar tana nan da ranta, kuma ita kaɗai ba ta isa ba.

Wani mai harhaɗa magunguna: Hajiya, dakushewa ta zauna daram a kan Mounjaro da ƙwaya, amma ba ta ɗauke duk kalmar da kika kawo ba. Ba kullum magani ke rage wa ɗan'uwansa ƙarfi ba, wani lokacin ƙara masa yake yi, kuma wannan ya fi ba mu tsoro a kanti. Flagyl da kowa ke saye don ciwon ciki, idan ya haɗu da warfarin, maganin tsinka jini, sai ya hana hanta sarrafa warfarin ɗin da wuri, ya taru a jiki, mutum ya fara zubar da jini ta dasashi ko ta hanci. Wannan ba za ki kira shi dakushewa ba. Muna buƙatar uwar kalma wadda za ta rufe duka biyun, sai dakushewa ta zama 'yarta. Ni a kanti nakan ce "ba sa jituwa", ko "suna cin karo".

Wata mai bibiya: A kira shi kishin magani kawai a huta. Biyu sun haɗu a gida ɗaya, dole a ji kansu.

Mai zare: Ƙanwata kin ba ni dariya, amma kishi daga ɓangare biyu yake fitowa. A nan ƙwayar ba ruwanta, ba ta taɓa aikin allurar ko kaɗan, ita ake yi wa. Wannan ne ma ya sa "cin karo" da "rashin jituwa" ba su gamsar da ni ba, Yallaɓai. Wanda ya ji magunguna ba sa jituwa zai fahimci haramun ne a haɗa su. Sau da yawa kuwa ana haɗawa, sai dai a sauya awo, ko lokacin sha, ko a ƙara kariya. Misali tsohuwar allurar suga ta wannan dangi, exenatide, abin da aka ce kawai shi ne a sha ƙwayar aƙalla awa ɗaya kafin a yi allurar. Amma maganarka ta uwar kalma gaskiya ce. Me za ku ce da katsalandan?

Wani ɗan'uwa daga Damagaram: Malama, mu nan da Faransanci likita ke rubutawa, "interaction médicamenteuse", kuma matsalar ɗaya ce, ba mai iya mayar wa tsohuwa da ita. Katsalandan muna jin ta, amma a labaran duniya muke jin ta, wata ƙasa ta yi wa wata katsalandan a harkokin cikin gida. Ta yi kama da kalmar 'yan jarida. A gida shisshigi muke cewa.

Malamin Hausa: Na janye makari. Kuma ɗan'uwa na Damagaram ya taɓo wurin. Shisshigi daga shiga ta fito, shiga abin da ba a gayyace ka ba, ko yaro ya san ta. Ku gwada su a baki ku ji: "katsalandan ɗin magani" sai harshe ya yi tuntuɓe, "shisshigin magani" kuwa ta wuce sumul. Tana kuma nuna mai yi da wanda aka yi wa: Mounjaro tana yi wa ƙwaya shisshigi. Ba ta faɗi ko an rage ko an ƙara ba, sai mai bayani ya cika: ta dakushe ta, ko ta ƙara mata kaifi.

Mai zare: Malam, Allah ya ƙara basira. Na karɓa hannu bibbiyu. Shisshigin magani ita ce uwa, ƙarƙashinta akwai dakushewa da ƙarin kaifi.

Kafin a watse, akwai wani rami da na ga masu fassara suna faɗawa a wannan batun, kuma ya fi na farko haɗari. Turawa sun ce allurar tana kawo "delayed gastric emptying", wato abinci ya daɗe bai sauka hanji ba. Wani sai ya rubuta "tana jinkirta ciki". Ku sake karantawa. Ciki a Hausa na abinci ne, kuma na haihuwa ne. Mace mai neman tazara ta ji an ce allura tana jinkirta ciki, wallahi ta gama fahimtar cewa ita ma allurar tazara ce, ga rage ƙiba ga hutu. An juya maganar kai ƙasa.

Gaskiyar kuma akasin haka ce ta wata fuskar daban da ba ta shafi shisshigi ba. Mace mai ƙiba sosai, musamman mai larurar nan ta PCOS da ke rikita al'ada, idan ta rage nauyi sau da yawa ƙwanta yakan dawo fita a kan lokaci. Wadda ta shekara da shekaru tana ganin ba ta ɗaukar ciki da sauƙi sai ta ɗauka ba shiri. Har laƙabi aka yi wa irin waɗannan jarirai a Amurka da Ingila, ana danganta su da Ozempic, wata allurar ta wannan dangi. A watan Yunin 2025 hukumar magunguna ta Birtaniya ta fito ta gargaɗi mata masu irin waɗannan allurai su yi amfani da ingantacciyar hanyar tazara, don ba a yarda a yi su da juna biyu ko ana shayarwa ba. Ta ce mai son haihuwa ta dakatar da semaglutide, wato Ozempic ko Wegovy na kamfanin Novo Nordisk, wata biyu kafin ta fara nema, tirzepatide kuma wata ɗaya.

Ungozoma: To Malama idan ba ciki ba, me za mu ce? Tumbi? Ai tumbi na mahauta ne, ko na Alhaji mai teɓa. Ki ce wa mace tumbinta yana nawa ki ga kallon da za ta yi miki.

Mai zare: Anti, a rubutu ni zan sa "nawar tumbi", don ko ba ta da daɗin ji ba ta da harshen damo. A baki kuwa ba dole sai an yi suna ba. Ki ce abinci da magani suna daɗewa ba su sauka hanji ba. Shi ke nan, ta gane.

Wata mai tambaya: Yaya, ni ashanar tazara aka sa mini a ƙarƙashin fatar hannuna, kuma Ozempic likita ya ɗora ni a kai saboda suga. Tawa ta dakushe ke nan?

Mai harhaɗa magunguna: A'a ƙanwata. Ashana da allurar wata uku da robar mahaifa ba sa bi ta hanji, nawar tumbi ba ta isa gare su. Ko masu shan ƙwaya ma, gwajin da aka yi da semaglutide bai nuna ta rage ƙwayar a jini yadda zai dame mu ba, shi ya sa ba a ɗora mata dokar mako 4 ba. Inda matsalar take ɓullowa ga mai shan ƙwaya shi ne amai da gudawa, waɗanda suka zama ruwan dare a farkon duk allurorin nan. Wadda ta yi amai cikin awa biyu da shan ƙwaya ta sake shan wata, gudawa mai tsanani ta kwana biyu kuma a ɗauke ta kamar an tsallake sha. Haka ma orlistat, ƙwayar rage ƙibar da ke hana jiki tsotsar maiƙo, idan ta sa gudawa sosai. Abin da ke dakushe ashana daban ne: rifampicin na masu tarin fuka, da carbamazepine da phenytoin na masu farfaɗiya. Su ta hanta suke bi, su sa ta cinye sinadarin da sauri, kuma suna dakushe ƙwaya ma. Mai shan su allurar wata uku ko robar mahaifa ta fi mata. Amma ki gaya wa likitanki duk abin da kike amfani da shi.

Kuma Hajiya mai zare, ki ja hankalin mutane kan lissafin mako 4 ɗin nan. Mounjaro da miligiram 2.5 ake farawa, a riƙa ƙara 2.5 bayan aƙalla mako 4, har zuwa 15 ga wadda ta buƙata. Idan ana ƙarawa a kan kari, wa'adi ɗaya na cika wani ya shigo, sai mace ta yi kusan wata shida a jere ƙwayarta na buƙatar mataimaki. Ga irin wannan, sauya hanya tun farko ya fi sauƙi a kan ƙirga makonni, balle a gidan da maigida ba ya shiri da kwaroron roba.

Mai zare: To ga yadda zan rubuta a takardar da za a manna a kanti, ku gyara mini: "Allurar Mounjaro tana yi wa ƙwayar tazarar haihuwa shisshigi, tana dakushe ta. Kada ki daina shan ƙwayarki. Ki haɗa da kwaroron roba na mako 4 bayan allurar farko da bayan kowane ƙarin awo, ko ki koma ashana, allurar wata uku ko robar mahaifa."

Ungozoma: Ki cire "awo" Malama. A wurinmu awo na masu juna biyu ne, za su zaci ranar zuwa asibiti kike nufi. Ki sa "duk lokacin da aka ƙara miki ƙarfin allurar". Kuma ki rubuta "ƙwayar tazara" a duk inda ta fito, kar ki bar "ƙwayarki" tsirara, kin san abin da shan ƙwaya ke nufi a unguwa.