Baƙin Malumfashi: a zaunar da su a gida ko a zaga gari da su?

Yaya Babba (Malali): Assalamu alaikum. Kamar yadda kuka ji, Baffa da Inna za su iso daga Malumfashi ranar Talata tare da jikokinsu biyu, kuma za su yi kwana uku a wurinmu kafin su hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja. Abin da na tsara shi ne, ranar Laraba mu kai su Gidan Arewa da ke titin Rabah, ranar Alhamis mu kai su gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, da yamma kuma mu zauna da su wajen mai balangu su ci naman da aka sauke daga wuta a gabansu. A ganina, baƙon da ya zo Kaduna ya koma bai ga komai ba sai bangon falo da talabijin, an tauye masa haƙƙi, ko da kuwa kullum kaza aka yanka masa.

Gwaggo (Tudun Wada): Wa'alaikumus salam. Ɗana, ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan. Tun da nake ban taɓa jin an ɗauki dattijo mai shekaru irin na Baffanku an zaunar da shi a kan benci a bakin titi, 'yan acaɓa na wucewa suna kallon bakinsa ba. Mutumin da ko a gidansa ba ya cin abinci sai a zaure tare da sa'o'insa, ta yaya zai miƙa hannu cikin takardar nama ga surukarsa a zaune tana fuskantarsa? Ita kuwa Inna na san ta, za ta ce ta ƙoshi, ta kwana da yunwa, ba wanda zai sani. Idan ta koma gida, matan unguwa ba za su tambaye ta gine-ginen da ta gani ba, tambayar da za su yi mata ita ce me matar wane ta girka mata. Hausawa da suka ce baƙonka annabinka ba su ce ka kai shi kasuwa ka ciyar da shi ba.

Auta (Unguwar Rimi): Gwaggo, Allah ya ƙara girma, maganarku a kan cin abinci abin dubawa ce, amma ina roƙon kada a haɗa ta da zancen gidan tarihi. Ginin da ke titin Ali Akilu shi ne tsohon ofishin jam'iyyar NPC da ta mulki Arewa a jamhuriya ta farko, aka mayar da shi gidan tarihi a 1975, kuma a cikinsa akwai kayan Nok, waɗannan kawuna da siffofi na gasasshen yumɓu da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, nan kudancin jiharmu. Sun haura shekara dubu biyu, masana kuma daga Turai suke tasowa domin su yi nazarinsu, mu kuwa kuɗin Keke Napep kawai ya raba mu da su. Jikokin Baffa suna karanta sunan Nok a makaranta domin cin jarrabawa, ba su taɓa ganin ko ɗaya da idonsu ba. Ni dai ina ganin asara ce su zo har nan su koma a haka.

Malam (Rigasa): Auta, ba na jayayya da tarihin da ka kawo, amma ka manta wanda ake magana a kansa. Baffa mutum ne da ko hoton mutum ba ya bari a rataye a ɗakin da yake salla, idan ka tsayar da shi gaban akwatin gilashi cike da kawunan yumɓu, abin da zai ce shi ne ka kawo shi kallon gumaka. Ba fatawa nake bayarwa ba, domin na san akwai malaman da ke ganin duba abin da mutanen da suka gabata suka bari hanya ce ta ɗaukar izina, babu kuma wanda ke bauta wa waɗannan abubuwa a yau. Sai dai hadisin da ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, girmamawa yake nufi, girmamawa kuwa ba ta cika da abin da zai sa baƙo ya yi ta sunkuyar da kai yana jiran a fita.

Kawu (Kawo): Ku yi haƙuri in shiga tsakani, domin na ga kun zuba gidaje biyu a ƙwarya ɗaya alhali ba iri ɗaya ba ne. Gidan Arewa shi ne gidan da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiyan Arewa, a can kuma sojoji suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a daren 15 ga Janairun 1966. Daga 1970 aka soma aikin mayar da shi cibiyar tattara tarihin Arewa, marigayi Farfesa Abdullahi Smith ne ya jagoranci kafa ta, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da ke ciki takardu ne da hotuna da rubuce-rubucen hannu na Larabci, har da kayan da Sardauna ya yi amfani da su. Baffanku yana saurayi aka yi wannan kisa, ya sha ba mu labarin yadda gari ya yi tsit da aka ji a rediyo, saboda haka idan kuka kai shi can, ba ku ne za ku yi masa bayani ba, shi ne zai zaunar da ku ya ba ku tarihi, har ma'aikacin da ke zagawa da baƙi ya tsaya sauraro. Na Ali Akilu kuwa, a bar wa Auta ya kai yara, babu dalilin da zai sa a ja tsoho can.

Yaya Babba: Kawu, na karɓi wannan rarrabewa. Amma Gwaggo, a kan abinci har yanzu ina nan a kan bakata. Tuwon masara da miyar kuka shi Baffa ke ci kullum a gida, kuma na Inna ya fi na kowa a cikinmu. Mene ne amfanin mu ba shi abin da ya baro wanda ya fi namu?

Gwaggo: Amfaninsa shi ne hannun surukarsa ne ya tuƙa. Kai kana auna abinci da daɗinsa a baki, mu kuwa muna auna shi da wanda ya tsaya a kan murhu saboda kai.

Anti (matar Yaya Babba): Gwaggo, ku gafarce ni, tunda ni ce zan tsaya a kan murhun, bari in ce wani abu. Daren da za su iso ni da kaina zan tuƙa tuwon shinkafa in yi miyar taushe, wannan ba sai an gaya mini ba. Amma ƙarfe bakwai na safe nake fita aiki, ba na dawowa sai bayan la'asar, ba kuma zan iya jiƙa shinkafa in kai markaɗe in jira ƙullu ya tashi in zauna gaban tanda kullum ba. Ko a gidan biki yanzu aikatau ake bayarwa wajen mai waina, babu wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta 'yan biki. Abin da ake buƙata kawai shi ne a san hannun da za a saya a wurinsa: mai wainar da layi ke gabanta tun asuba ba ta da kwantai, mai naman da ake ganin ɗanyen namansa a rataye ana yanka ana ɗorawa ya fi wanda ya tara gasasshe yana ɗumamawa. A saya a kawo gida, a juye a kwano mai murfi, a kai wa Baffa ɗakinsa, ita ma Inna a kai mata nata. Abincin waje ne, amma a cikin sutura aka ci shi.

Gwaggo: To, wannan magana ce ta mai hankali, kodayake da a ce zamaninmu ne, da maƙwabciya ta karɓi tandar ta soya miki ba tare da ko sisi ba. Sharaɗina ɗaya ne, kada in ji an kai wa Baffa nama a cikin takarda ko leda.

Auta: Idan haka ne, ina ba da shawarar a haɗa da kilishi a matsayin tsaraba, tunda busasshe ne, zai kai Abuja ya dawo Malumfashi bai lalace ba.

Kawu: Kilishin a ba yara da Inna. Kun manta tun bara Baffa ya rasa turamensa na hagu, ko tsire mai jijiya ba ya iya taunawa, balle kilishi. Dambun nama ko farfesun kayan ciki shi ne daidai da shi, kuma a rage yaji saboda gyambon cikinsa. Akwai kuma abin da duk ba ku ambata ba. Baffanku ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da idan aka tashi daga aiki kekuna ke toshe titi. Masaƙar farko a can an buɗe ta ne a 1957, yau kuwa manyan masaƙun sun daɗe a rufe, ciyawa ta cinye harabarsu. Duk zuwan da ya yi sai ya tambaye ni ko ƙofar da suke shiga tana nan, ni kuma ƙafata ba ta barin in kai shi.

Yaya Babba: Wallahi Kawu ban taɓa sanin yana wannan tambaya ba. Sai dai ina tsoron kada ganin wurin a haka ya ɓata masa rai, mu da muke so ya koma da farin ciki.

Malam: Wannan kuma ba mu ne za mu yanke masa ba. Tun ɗazu muke ta tsara wa mutum kwanakinsa uku, babu wanda ya ɗaga waya ya tambaye shi.

Gwaggo: Idan kuka tambaye shi zai ce duk abin da kuka yi daidai ne, domin baƙo ba ya zaɓe a gidan ɗansa. Ku bar ni da Inna, zan kira ta bayan isha'i in ji ta bakinta a cikin hira, ita ta san abin da ke ransa. Amma ko Kakuri za a je ko titin Rabah, abincin ranar Alhamis a gidana za a ci, na riga na aika a sayo zabi biyu.