Ƙanwata ta zama ƙanena, yanzu kuma shi ne waliyyina

'Yar Rusaifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Makka aka haife mu, kakanmu ne ya taso daga Katsina a ƙasa, ya ratso ta Sudan. Mu uku ne wurin Babanmu, Allah ya ji ƙansa, kuma duk mata aka san mu. Autarmu ta kai shekara 16 ba ta fara al'ada ba, ƙirji bai fito ba, murya kuma sai buɗewa take yi. Da muka kai ta asibiti a Jidda aka yi gwajin jini da hoto, likita ya ce namiji ne tun asali: babu mahaifa, 'ya'yan maraina kuma suna ciki ba su sauko ba. An yi aiki sau biyu, an canza suna da katin shaida. Yanzu shekararsa 19.

Wallahi ina son yaron nan. Ni na goya shi, ni nake masa kitso duk Alhamis. Amma abin da idona ya gani a shekara ukun nan ya tsaya mini a rai. Ranar da muka dawo daga asibiti Umma ta karɓe soson wanke-wanke daga hannunsa. Da, in ya wuce magariba a waje sai an yi masa faɗa, yanzu ƙarfe ɗayan dare yake shigowa, a ɗumama masa tuwo. Baffanninmu da ba su taɓa tambayar ajinsa nawa ba, yau su suke zaunar da shi kusa da su a majalisa suna jin ta bakinsa. Ni shekarata 31, da albashina ake biyan wuta da ruwa, ba a taɓa kirana majalisar nan ba.

Wata mai zuwa za a ɗaura mini aure, an ce shi ne waliyyina. Gidan Baba kuma ba a raba ba, yanzu an ce kaso biyu zai ɗauka. Ba ina ja da hukuncin Allah ba ne. Tambayata: da Baba ya rasu ai mace muka san shi, ya rabon zai kasance? Kuma wannan ɗacin da nake ji, hassada ce?

Abu Usman Misfala:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Mas'alar mata-maza tsohuwa ce a fiƙihu, da ita ma aka rufe Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, inda aka ce in alama ta bayyana, kamar gemu ko nono ko haila, to babu sauran rikitarwa. Wanda ya ci gaba da rikitarwa ne ake ba rabin kason namiji da rabin kason mace. Naku ya bayyana, don haka namiji ne tun ranar da Babanku ya rasu, ku ne dai ba ku sani ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, ma, a zamanta na Makka a 1989, ta halatta aikin gyara ga irinsa.

Ki yi lissafin nan, in iyayen mamacin ba su da rai. A ce gidan riyal 720,000 ne. Da ku uku duk mata ne, Umma ta ɗauki tumuni, 90,000, ku raba biyu bisa uku, kowacce 160,000, saura 150,000 ya tafi ga baffanninku. Da samuwar namiji baffanni ba su da ko riyal ɗaya: ke 157,500, 'yar'uwarki haka, shi 315,000. Abin da ya ragu a kasonki 2,500 ne kawai. Amma ku je kotu a rubuta, kada a tsaya a maganar baki.

'Yar Rusaifa:

Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Ban taɓa lissafa shi haka ba. Sai dai lissafin ya ƙara nuna mini abin da nake faɗa: kuɗin dama daga hannun maza zai koma hannun namiji, mu muna nan inda muke.

Hajiya Ta Karantina:

'Yata, ba hassada ba ce. Mai hassada so yake a ƙwace wa wani, ke kuwa tambaya kike me ya sa ba a ba ki ba. Gado da walicci suna da nassi, mun ji mun bi. Amma a nuna mini ayar da ta ce namiji ba ya wanke kwano, ko ta ce kada a yi shawara da babbar 'ya. Wannan namu ne, mu muka ɗora wa kanmu.

Ni na ga akasin naku a Jidda. Wani yaron maƙwabtanmu an raine shi namiji, da ya balaga ya fara ciwon mara duk wata, aka gano yana da mahaifa. Uban ya yi kwana uku bai fita masallaci ba. A gidanku na tabbata an yanka rago. Ciwo iri ɗaya, wani gida biki, wani gida zaman makoki. Shi kansa yaron ƙi ya yi, ya ce ba zai shiga abaya ya riƙa neman izini kafin ya leƙa ƙofar gida ba, kuma ban ga laifinsa ba. Lokacin mata ba sa ko tuƙa mota, sai a Yunin 2018 aka ba mu dama, a 2019 kuma aka ce mace mai shekara 21 ta yi fasfo ta yi tafiya ba sai da sa hannun waliyyi ba. Doka ta motsa, cikin gida ne har yanzu jiya i yau.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina so a bambanta, don na ga ana haɗawa. Ƙaninki jikinsa ne ya zo da rikitarwa. Akwai wasu kuma jikinsu babu wata rikitarwa, amma tun suna yara suke jin ba su dace da jinsin da aka san su da shi ba. Su nan Saudiyya ba a yi musu aiki, wancan zaman na 1989 ma ya hana, duk da a Iran an halatta bisa fatawar Khumaini. Ko 'yan daudun da muke sayen abinci wurinsu a titin Shara Mansur na Makka, ku lura da zagin da ake musu: wai namiji ya zubar da girmansa ya koma mace. Da ana ganin mace daidai da namiji, ai ba za a kira shi zubar da girma ba.

Sannan Yaya, ki tambaye shi yadda yake ji. Shekara 16 yana cikinku, rana ɗaya ƙawayensa suka fara rufe fuska in ya shigo.

'Yar Rusaifa:

Kin taɓo inda ban duba ba. Jiya da dare na same shi a kicin shi kaɗai yana soya ƙwai, na tambaye shi. Ya ce a majalisar baffanni bai san me ake cewa ba, kansa kawai yake ɗagawa, kuma har yanzu in an ƙwanƙwasa ƙofa hannunsa mayafi yake nema. Ya ce ranar ɗaurin auren, kafin ya buɗe baki gaban ma'azun, wato mai ɗaura aure, ni zai fara kira a waya. Na ce masa to, amma kwanukan da ya ɓata ya wanke su kafin ya kwanta. Ya wanke. Ranar Lahadi za mu je kotu mu huɗu da Umma kan maganar gidan.