Ƙaramin samfurin motar tururi ta Cugnot: wane ma'auni, kuma yaya ake tukunyar?

Mai_Zarto:
Assalamu alaikum. Ina so in haɗa ƙaramin samfurin motar tururin nan ta Nicolas-Joseph Cugnot ta 1770, wadda ke ajiye a gidan tarihin Arts et Métiers a birnin Paris. Komai da hannu zan yi. Kayan aikin da ke akwai: ƙaramin zarto, magagari, injin huda, bayis da kan gas na walda. Babu injin les na fere katako da ƙarfe. Na yi niyyar ma'aunin 1:24. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tukunyar tururin da ƙafafun katakon. Sannan zai yiwu ta yi tafiya da tururin gaske?

Tsohon_Kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, bar 1:24, koma 1:16. Tsawon motar mita 7.25 ne, faɗinta mita 2.19. A 1:24 za ta fito milimita 302, haƙoran da ke juya ƙafar gaba su yi ƙanƙantar da magagari ba zai iya fidda su daidai ba. A 1:16 tsawo ya zama milimita 453, faɗi 137, hannu ya sami wurin aiki.

Kafin ka yanka komai, nemi hoton motar wanda aka ɗauka daga gefe sak, ka buga shi yadda tsawonta zai cika 453 ɗin a kan takarda. Daga nan za ka auni faɗin ƙafafu, kaurin gungumen firam da tazarar aksil. Hoton da aka ɗauka a karkace yana ƙara girman abin da ke kusa da kyamara, ƙafafunka su fito ba daidai ba. Sandunan kowace ƙafa ma ƙirga su za ka yi a hoton.

Katako: farin katako mai taushi yana murƙushewa wurin huda, maɗaci kuma ramukan jikinsa manya ne, a ƙaramin samfuri sai su ɓata kama. Nemi mai ƙarfi mai laushin fuska, kamar busasshiyar kanya. Ka fere shi kusa da girman da kake so, ka ajiye shi sati biyu a ɗakin aiki. Wanda aka haɗa da ɗanyen damina, hunturu na shigowa gaɓoɓinsa za su buɗe.

Ƙafa kuwa a kan allo ake haɗa ta. Zana da'ira a kan falanki, raba ta da kamfas gwargwadon yawan sanduna, kafa ƙusa mara kai a tsakiya, zura cibiyar ƙafar a kai. Cibiyar za ka iya fere ta ba les: ɗaure injin huda a bayis, kama guntun katakon da dogon ƙusa mai zare, ka ci shi da magagari yana juyawa. Bakin ƙafa kada ka yanke shi zobe guda daga falanki ɗaya, domin a wurare biyu jijiyar katakon za ta gitta, nan yake karyewa. Yanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ɗauki sanduna biyu, jijiya na bin tsawonta. Farin gam na kafinta ya fi sufa gulu a nan, yana ba ka minti biyar zuwa goma ka daidaita. Ɗora nauyi a kai ya kwana.

Maƙerin_Jan_Ƙarfe:
Baba ya gama da katako, ga na tukunya. Faɗinta ya kai wajen mita 1.34, wato kusan milimita 84 a 1:16. Gida biyu za ka yi ta, sama da ƙasa, da fallen jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita.

Fara da sassaƙa siffar kowane rabi a katako mai tauri. Yanke fallen da'ira, ka bar rarar milimita 10 a baki. Gasa shi da gas har ya yi ja kaɗan, tsoma a ruwa. Zai yi laushin da yatsa ma ke lanƙwasa shi. Ɗora shi a kan ramin da ka fafe a kututture, ka riƙa bugu da guduma mai zagayayyen kai, kana zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Da ka ji sautin ya koma ƙarau kuma ƙarfen ya daina tafiya, tsaya ka sake gasawa. Bugu yana taurara jan ƙarfe, wanda ya ci gaba a haka bakin ne zai tsage masa. Sau biyar ko shida ake gasawa kafin zurfin ya kai. In baki ya fara tattarewa, baje tattarar tun tana ƙarama. In ta ninke, ta zauna ke nan. Ƙarshe ka kifa shi a kan siffar katakon ka daidaita da gudumar katako.

Baƙin da wuta ta bari, ruwan lemon tsami da gishiri na cire shi. Ka sa siririn zobe a ciki inda rabin biyu suka haɗu don dalma ta sami wurin kamawa, ka yi waldar daga ciki gwargwadon iko, saboda dalmar da ta malalo a waje ba ta ɓoyuwa a kan jan ƙarfe. Kawunan ƙusoshin jikinta kuma tun kafin haɗawa ake fito da su: dasasshen ƙusa, bugu ɗaya daga ciki a kan guntun dalma.

Batun tururin gaske, ban ba da shawara ba. Wannan tukunya ta ado ce. Dalmar walda tana narkewa wajen digiri 185, tun kafin nan ƙarfinta ya ragu, ruwa na ƙarewa za ta saki. Tukunyar aiki tana son falle mai kauri, waldar azurfa da ke narkewa sama da digiri 600, bawul na sakin tururi, da gwaji da ruwa a ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi.

Mai_Zarto:
Na gode Baba, na gode Malam. Na koma 1:16, na haƙura da wuta. Amma ina so fistin su motsa in an tura ta. Yaya abin yake aiki?

Injiniya_Fistin:
Ɗan'uwa, nan akwai gyara: in ka tura ta gaba, fistin ba za su motsa ba. Cugnot bai yi amfani da kuranki ba, wato lanƙwasasshen sandan da ke haɗa fistin da ƙafa kai tsaye. Silinda biyu ne a tsaye, ɗaya a kowane gefen ƙafar gaba. Tururi yana danna fistin ƙasa kawai, fistin ya ja hannu mai harshe, harshen ya kama haƙorin faifan da ke jikin aksil ya juya ƙafar rubu'in zagaye. Wani sanda mai lilo ya haɗa ɓangarorin biyu, saukar ɗaya ita ke ɗaga ɗayan. Kamar firiwil ɗin keke ne: feda ke juya taya, taya ba ta juya feda. Don haka sandan lilon za ka motsa, da yatsa ko da ƙaramar motar lantarki mai giya da batiri da ka ɓoye a cikin tukunya.

Faifan ka yi shi da tagulla mai kaurin milimita 2, yawan haƙora ya rabu huɗu daidai. Manna faifai biyun da dalma ka gurza su tare, sannan ka raba su, haƙoransu za su zo iri ɗaya. In sarƙa ce ke jan hannun a kan baka, tafiyar fistin ita ce tsawon hannun sau 1.57, hannun milimita 12 yana son kusan 19. Ƙara rabin milimita, in ba haka ba harshen zai tsaya a kan tsinin haƙori ya kasa faɗawa. Sifirin da ke danna harshen, siririyar wayar ƙarfe ta isa. Mai ƙarfi yana jan ƙafar baya in hannu zai koma.

Sai nauyi. Tukunya tana rataye ne a gaban ƙafar gaba, kuma ita da injin duka suna juyawa tare da sitiyari. An ƙera motar don ɗaukar manyan bindigogi, kayan ne ke danne bayanta. Samfurinka ma zai so kifawa da zarar ka karya kwana. Fafe ƙarƙashin gungumen baya ka cusa dalma, ka riƙa ƙarawa har motar ta zauna a kan ƙafa uku da sitiyari a karye zuwa kowane gefe. Yi wannan gwajin da motar lantarkin da batirin a cikin tukunya, kafin ka manna katakon dandamali.