Naman sa yana min tauri in na gasa a gida, ina matsalar take?

Maman Biyu, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan nama. Maigida yana son gasasshen naman sa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ni kuma na fi son in yi masa da hannuna maimakon a aiki yaro wurin mai balangu. Kilo 2 nake sayowa, jar tsokar cinya wadda babu kitse ko ɗigo. In shafe ta da gishiri, citta, tafarnuwa da yajin ƙuli, in sa a obin a digiri 220 har ta yi ja. Ƙamshi kam har maƙwabta suna ji, amma wajen ci sai a yi ta tauna, nama ya ƙi wucewa. Surukata ma ta haƙura da ci saboda haƙoranta, wannan shi ya fi damuna. Wata ta ce in sa kanwa, wata ta ce in fara tafasawa. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Mahauta, Fagge:

Wa alaikumus salam Hajiya. A gidan fawa na tashi, don haka bari in fara daga kan tebur kafin a je wuta. Shanun da ake yankawa a nan, Bunaji ne ko Bokolo ko Rahaji, mafi yawansu sun manyanta kuma sun sha tafiyar kiwo. Naman sa irin wannan yana da daɗi sosai, amma jijiya ta yi masa yawa, kitsen cikin tsoka kuma kaɗan ne. To ke kin zaɓi cinya, wurin da ya fi ko'ina rashin kitse, kika haɗa ta da wuta mai ƙarfi. Dole ruwan jikinta ya ƙone tun jijiyar ba ta saki ba.

In gashin sauri kike so, ki ce wa mahaucinki ya ba ki naman gadon baya, musamman doguwar tsokar nan mai laushi da ke kwance a cikin ƙashin baya. Ita ba ta aiki, shi ya sa take da taushi. In kuwa kina da lokaci, ki sayi ƙirji, kafaɗa, wuya ko haƙarƙari, ki roƙi a ɗora miki ɗan tozo. Waɗannan su ne masu jijiya da kitse, kuma ita jijiyar da kike gudu, in ta daɗe a wuta kaɗan tana narkewa ta zama romo mai danƙo, irin wanda kike ji a leɓe in kin sha farfesun ƙafar saniya. Sai dai ba ta narkewa cikin minti 40, tana son awa 3 ko fiye.

Wani abu kuma, naman da aka yanka da safe yana sanƙarewa bayan 'yan awanni. In ya kwana ɗaya ko biyu a firij mai sanyi sosai sai ya saki. Ki sayo ranar Laraba ko Alhamis, ki gasa Juma'a.

Inna Ta Damagaram:

'Yata, ajiye maganar kanwa. Tana sa nama ya yi laushi, gaskiya ne, amma tana baƙanta shi, ta kashe masa ɗanɗano. Tafasawa cikin ruwa mai yawa kuma daɗin duk a romo yake tafiya. Yi gashin tukunya kawai.

Samu tukunya mai kauri, mai murfin da ke rufuwa ruf. Yanka naman manya-manya, kamar dunƙulen hannu. Ki tsane shi sosai, domin jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja. Zuba man gyaɗa cokali 3, in ya yi zafi ki jera naman, kada ki cika tukunyar, ki bar kowane gefe ya yi ja kafin ki juya. Kwashe shi, ki shimfiɗa albasa manya guda 4 a gindin tukunyar, ki mayar da naman a kai. Sai citta, masoro, kanumfari ƙwaya 4 ko 5, kimba ɗaya da aka fasa, tafarnuwa, gishiri. Ruwa rabin kofi ya isa, albasar da naman za su fitar da nasu.

Daga nan sai haƙuri. Ni a kan gawayi nake yi, in rage garwashin har sai tukunyar tana ɗan motsi a hankali, ba tafasa ba, in ɗora 'yan garwashi a kan murfin. Kada ki riƙa buɗewa, kowace buɗewa tururi ne ke gudu. In kin soka cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ya yi. A lokacin ne za ki buɗe, ki ƙara wuta kaɗan ruwan ya tsotse, ya koma mai, naman ya soyu a cikinsa. Yajin ƙuli sai an sauke ake barbaɗawa, in ya daɗe a wuta ɗaci yake yi.

Malama Mai Lalle:

Ƙari a kan na Inna: in naman ya cika tsufa, ki goga ɗanyar gwanda kaɗan ki shafa masa na kamar awa ɗaya, sannan ki wanke. Kada ya kwana da ita, zai dagargaje. Kuma don Allah duk wadda ta ce miki ki jefa ƙwayar farasitamol a tukunya kada ki saurare ta. Likitoci sun sha gargaɗi a kai, yana iya taɓa hanta da ƙoda.

Maman Biyu, Kaduna:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Inna, gidan haya muke a sama, ba a barin mu hura gawayi. Zan iya yin wannan a obin ɗin? Kuma maigida yana son bayan naman ya ɗan ƙone irin na masu balangu.

Ɗan Mahauta, Fagge:

Zai yiwu sarai Hajiya. Ki yi duk yadda Inna ta faɗa a kan gas, sannan ki rufe tukunyar ki sa a obin a digiri 150 na awa 3, in dai hannunta da murfinta ba na roba ba ne. In ya yi laushi ki ciro naman, ki jera a tire, ki shafa masa man da ya taso a saman romon, ki mayar a digiri 220 na minti 10 kacal, bayan zai yi ja. Mu ma masu balangu in ya gasu naɗe shi muke yi a takarda mu tura gefen raga, ya ƙarasa nuna da tururinsa.

In kin fitar ki bar shi ya huta minti 10 kafin wuƙa ta taɓa shi, ki duba inda zaren tsokar ya miƙe ki yanka a gicciye. Na Hajiya Babba, surukarki, ki cire mata tun daga tukunya kafin a mayar wuta, ki zuba mata romon albasar a kai.