Rashin natsuwa muka kai yaro asibiti, likita tana maganar ECG (gwajin bugun zuciya), meye haɗin?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min don kaina ya ɗaure. Yarona shekararsa 8, tun yana aji ɗaya malamai ke kawo ƙararsa, ba ya zama a kujera, ana cikin darasi zai miƙe ya nufi taga, in aka yi tambaya kafin malama ta rufe baki ya amsa, littafinsa kuwa rabin shafi rubutu sauran zane-zane, fensir kam na gaji da saye. A gida ma haka ne, ka aike shi ya ɗauko abu sai ka same shi a hanya yana wata sabgar ya manta ma an aike shi. Kuma wlh ba daƙiƙi ba ne, in ka zaunar da shi daga kai sai shi yana ganewa tsaf.

Mun kai shi wajen likitar yara ta yi mana tambayoyi kamar ba za ta daina ba, har yadda aka haife shi da lokacin da ya fara magana, sai ta ba mu fom biyu, ɗaya ni da babansa mu cike ɗaya a kai wa malamarsa, ta ce tana zargin ADHD, wato larurar rashin natsuwa da rashin maida hankali, amma ba za ta yanke ba sai fom sun dawo. Sannan ta ce in har za a kai ga magani wataƙila a yi masa ECG. Ni na ɗauka hoton ƙwaƙwalwa za a yi ko a ɗebi jini, sai ga takarda da biro, kuma ga maganar zuciya?? Ko ta ji wani abu ne a ƙirjinsa ba ta gaya min ba? Kuma ya za a ce yaro yana da cuta daga cike fom kawai?

Baban Khairat:
Wa alaikumus salam. Maman Sadiq ni dai a ganina ƙiriniya ce, ƙuruciya dangin hauka ai, wane yaro ɗan shekara 8 ne ke zama wuri ɗaya? Tunda babu injin da zai nuna abin ni ban ga dalilin ɗora yaro a kan ƙwaya ba. Allah ya shirya mana su.

Sista Rukayya:
Anti ki kwantar da hankalinki, ni nas ce a ɓangaren zuciya, ECG ɗin nan kusan kullum sai na yi wa mutane. Shi ba ya gano ADHD ko kaɗan, maganin ne ya jawo maganarsa. Magungunan da aka fi ba yara irinsu methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, suna ɗan ƙara saurin bugun zuciya da awon jini, ƙari ne kaɗan wanda mai lafiyayyar zuciya ba zai ma ji ba, to amma akwai yaron da aka haifa da matsalar da ba ta bayyana ba, shi ake gudu.

Yadda ake yi, zai kwanta a cire riga, a manna masa 'yan sitika guda 10, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, a maƙala wayoyi, inji ya zana layuka 12 a takarda. Ba a sa masa wuta, injin sauraron wutar da zuciyar ke fitarwa da kanta yake yi, babu allura babu zafi, ɗaukar ma 'yan daƙiƙu ne, aikin dai shi ne a samu yaro ya kwanta shiru, wanda da irin su Sadiq shi ne babban gwajin lol. Ki ba shi wani abu ya kalla a sama ko ku riƙa ƙirge tare a zuci. Gwaji ne tsoho sosai, wani likitan Holan Willem Einthoven ya haɗa injinsa tun wajen 1903 har ya samu kyautar Nobel a 1924.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, in aka miƙo miki takardar kada ki karanta abin da inji ya buga a sama ki tashi hankalinki. Zuciyar yaro ta fi ta babba sauri, kuma bugun yana ƙaruwa in ya ja numfashi ya ragu in ya sake, wannan lafiya ce a yaro, amma inji sai ya rubuta wani dogon suna musamman in ba a sa masa shekarun yaron daidai ba. Na sha ganin uwa tana hawaye a kan takardar da likita zai kalla ya ce lafiya lau. A kai wa wanda ya saba karanta na yara.

Malam Auwal:
Baban Khairat da girmamawa, ni malamin firamare ne kuma na cike irin fom ɗin nan, ba yadda kake zato ba ne. Duk yara suna ƙiriniya gaskiya ne, shi ya sa ma tambayar da ke fom ɗin ba wai "yana yi ko ba ya yi" ba ce, sau nawa yake yi in aka kwatanta shi da sa'anninsa, kuma abin yana cutar da karatunsa da zamansa da yara? A aji ɗaya za ka ga masu rawar kai da yawa, amma in ka ɗaure fuska ko ka ba su aikin da suke so sai su natsu. Akwai kuma ɗaya wanda shi kansa yana so ya zauna, ka ga yana ƙoƙari, ƙafa na rawa, minti biyu ya sake miƙewa, an yi faɗan an yi bulalar babu canji sai dai yaron ya fara ganin kansa a matsayin mara kirki.

Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi tana cikin littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka wanda ya fito a 2013. Alamomi 9 ne na rashin maida hankali, 9 na rawar kai da gaggawa, yaro sai ya cika aƙalla 6 a ɓangare ɗaya ko duka biyun, abin ya kai wata 6 yana faruwa, ya fara kafin shekara 12, kuma a gan shi a wuri biyu ko fiye. Wannan na ƙarshen shi ya sa ake aiko mana fom makaranta, don in a gida kaɗai yake yi ko a ajin malami ɗaya kaɗai, to a binciki gidan ko ajin tukuna. Fom ɗin da aka fi sani su ne Vanderbilt da Conners. Maman Sadiq ki bar malamar ta cike nata ita kaɗai, kada ku haɗa kai ku daidaita amsa, bambancin da ke tsakaninku ma likita na buƙatarsa.

Wani abu kuma da iyaye ke tsallakewa, a duba kunne da ido. Yaron da ba ya jin malami sosai ko ba ya ganin allo dole ya nemi abin yi. Haka mai minshari da daddare wanda barcinsa ke yankewa, yaro in bai samu barci ba ba lallai ya yi gyangyaɗi ba, sau da yawa fitina yake ƙarawa.

Ummu Hanan:
Ni 'yata mace ce kuma ita ba ta da ƙiriniya sam, shiru-shiru ce, sai dai ta tafi duniyar tunani ana magana, irin wannan ma ADHD ne kuma a mata an fi makara kafin a gane. Mu EEG aka fara yi mata, na kai, wanda ake jera wayoyi a fatar kai, ba na ƙirji ba. Dalili likita ya so ya tabbatar ba wata irin farfaɗiya ba ce wadda yaro ke ƙamewa ya zuba ido na 'yan daƙiƙu ba faɗuwa ba kumfa sai ya dawo kamar ba a yi ba. Ya fito lafiya, kuma ya gaya mana ƙarara cewa EEG da MRI ba sa tabbatar da ADHD, kawar da wasu cututtukan suke yi. Akwai wani gwajin kwamfuta QbTest, yaro ya zauna kamar minti 15 yana danna maɓalli in ya ga wata alama kamara na auna motsinsa, shi ma taimako ne a kan bayanin iyaye da malamai, ba ya tsayawa shi kaɗai. Don haka duk wanda ya ce miki zai ɗauki hoton kai ya nuna miki ADHD a jiki ki riƙe jakarki da kyau.

Maman Sadiq:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Sista yanzu da kika yi bayani na tuna likitar ta tambaya ko akwai wanda ya rasu farat ɗaya a dangi yana matashi na ce babu ciwon zuciya a gidanmu. Sai da daddare muna cike fom babansa yake ce min ai ƙaninsa a filin ƙwallo ya faɗi ya rasu tun kafin aurenmu, bai kai 25 ba, ba a taɓa sanin dalili ba, ni da hatsari na ɗauka. Wannan yana da alaƙa ne?

Dr. Nafisa:
Allah ya jiƙansa da rahama. Maman Sadiq wannan bayanin ya fi ECG ɗin kansa nauyi, ki kira likitarku ki gaya mata kafin a rubuta ko ƙwaya ɗaya.

Su kansu likitoci sun yi saɓani kan ko kowane yaro sai an yi masa ECG. A 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ya dace a duba yiwuwar yin sa kafin magani, a shekarar nan ƙungiyar likitocin yara ta ce ba sai an yi wa kowa ba, sai wanda tarihinsa ko awonsa ya nuna alama. A 2011 aka wallafa wani babban bincike na yara da matasa sama da miliyan 1 da dubu 200 wanda bai ga ƙarin mummunan ciwon zuciya ba ga masu shan maganin. Shi ya sa yau tambayoyi ne a gaba: ya taɓa suma yana gudu ko wasa? Ciwon ƙirji ko haki da ya wuce na sa'anninsa? Yana cewa zuciyarsa na bugawa da sauri haka kawai? An ji wani ƙarin sauti a ƙirji? Akwai wanda ya rasu ba zato a dangi kafin shekara 40? Ƙa'idar ta fi ƙarfi a kan uwa, uba da 'yan uwan ciki ɗaya, amma baffa ɗan ƙasa da 25 a filin ƙwallo ba abin da zan wuce ba ne, domin cututtukan da ke yin haka irin kaurin tsokar zuciya da long QT, wato wata matsala ta tsarin bugun zuciya, gado ake yi.

Kuma a nan ECG kaɗai ba lallai ya wadatar ba, yana iya fitowa lafiya alhali akwai abu. Likitan zuciya zai iya ƙara eko, wato sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki amma a ƙirji, ana ganin kaurin bangon zuciya da yadda ƙofofinta ke buɗewa da yawan jinin da take turawa a kowane bugu, a mai lafiya kamar kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na abin da ke babban ɗakin hagu. In matsalar mai zuwa ce ta tafi sai a rataya masa Holter, ƙaramin inji da zai yini ya kwana da shi awa 24 ko 48 yana ɗaukar kowane bugu. Wani lokacin a hau injin gudu da wayoyi a jiki ana ƙara sauri da tudu duk minti 3 don a ga me zuciyar ke yi in ta sha aiki. Shi babansa ma ya kamata ya je a duba shi, ya fi Sadiq kusa da mamacin.

Baban Khairat, ko an tabbatar da ADHD ba dole a fara da ƙwaya ba, ga 'yan ƙasa da shekara 6 horar da iyaye ake sa wa gaba, ga yaran da suka girmi haka kuma ana haɗa shi da gyaran tsarin aji. In an fara magani ana auna bugun zuciya da jini da tsawo da nauyi lokaci-lokaci don yana rage cin abinci.

Baban Khairat:
To Dakta na ji, maganar baffan nan kam ba ta wasa ba ce. Amma fom ɗin malamai har yanzu ina da ja, in malama ta riga ta tsani yaro fa?

Malam Auwal:
Yana faruwa, shi ya sa in da hali a ba malamai biyu, har da wanda ya koyar da shi bara. Maman Sadiq ki haɗa da rifot kad ɗinsa na baya da littattafan aji ɗaya in suna nan ki tafi da su ranar komawa.