Don Allah ta yaya zan kai Mama Bafusa daga arewacin Kubrus?

Jama'a barkanku, don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka min. Ina karatu a Famagusta, arewacin Kubrus, ɓangaren Turkawa, kuma Mama za ta zo bikin gama makarantata. Ita dai tun daga Jos ba ta da zance sai Bafusa, Paphos ɗin nan, wai sai ta taka ƙafarta a garin da Bulus da Barnaba suka yi wa gwamna Sarjiyas Bulus wa'azi, har da ginshiƙin dutsen da ake cewa a jikinsa aka ɗaure Bulus aka yi masa bulala 39, hotonsa ma ta ajiye a wayarta tana ta turo min.

To matsalar, Bafusa a kudu take, ɓangaren Girkawa, ni kuma ta filin jirgin Ercan na nan arewa na shigo, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗauki wannan a matsayin halastacciyar shiga ba. Na taɓa gwada tsallakawa kudu ta mashigar iyaka ta Ledra a Nikosiya, ɗan sandan ya juya fasfo ɗina sau biyu ya miƙo min ya nuna min hanyar da na fito, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce mata ga Salamis nan kusa da ni inda Bulus da Barnaba suka fara sauka, ga kabarin Barnaba, ta ce ai wannan somin taɓi ne.

Shin in ta nemi bizar Kubrus ta kudu ta sauka Larnaka, za ta iya zuwa Bafusa sannan ta tsallako wurina ta koma ba matsala? Ni kuma fa, bizar Shengen ta ƙasashen Turai za ta fisshe ni ko sai na zaga ta wata ƙasa? Kuɗin tikiti ne ke ba ni tsoro wallahi.