Ina so in kai Baba ya ga inda ganyen shayi yake tsirowa

Baban Hauwa, daga wani ƙauye a gefen Gumel:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa zuwa Siri Lanka.

Mahaifina shekara 31 ya yi yana sayar da shayi. Tebur ɗaya, benci biyu a bakin tasha, ranar Alhamis kuma ya ɗaure kaya a keke tun kafin asuba ya nufi kasuwar Maigatari. Da kuɗin shayin nan ya yi mana karatu, da shi ya ba ni jarin riɗi na farko. Yanzu shekarunsa 68, ya bar wa ƙanena teburin. Kwanaki muna zaune a zaure ya ɗauki kwalin ganyen shayi yana jujjuyawa, sai ya ce, "Gero na san shi tun daga shuka har rumbu. Wannan kuwa da ya ciyar da mu, sai dai a kwali nake ganinsa." Tun ranar maganar ta ƙi barin raina.

Bana Allah ya sa wa riɗi da zoɓo albarka. Wani kamfanin tafiye-tafiye ya turo min tsari na kwana 12: manyan otal, mota da direba, dajin Yala, dutsen Sigiriya, wuraren bautar mabiya Buddha a Dambulla da Kandi, gonakin shayi kuma kwana biyu kacal. Kuɗin ba na wasa ba ne. Baba yana fama da ciwon gwiwa, kuma ban san yadda zai ji ba in aka shiga da shi inda ake ajiye gumaka. Yayarmu ma ta ce mutanen gari za su ce almubazzaranci ne, duk da cewa ya sauke farali a 2019. In biya, ko in fasa?

Maman Sadik, Kano:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri ɗan uwa, ya ba ka 'ya'ya masu yi maka haka. Mun je ni da maigidana, kuma gaskiyar magana wannan tsarin ba don dattijo aka yi shi ba. Sigiriya matakala ce kusan 1,200, wasu na ƙarfe ne manne da jikin dutse. Dambulla ma sai an hau tudu. Mai ciwon gwiwa ba abin da zai kai shi. Ka ce su cire, su mayar da kwanakin can kan tsauni.

Tunda kai za ka biya mota da direba, kai ke da magana. Ku yi kwana biyar tsakanin Nuwara Eliya da Haputale, garuruwan gonakin shayi da ke kan tsauni. Akwai tsofaffin gidajen manajojin gona na zamanin Turawa da aka mayar masauki, a tsakiyar gonar suke. Baba zai idar da sallar asuba ya buɗe taga ya ga hazo kwance kan shayi, mata da kwanduna a baya suna tsinka. Abin da zai ba shi mamaki, ba itace ne dogo ba, datse shi ake yi iya ƙugu, kuma toho ɗaya da ganye biyu na sama kawai ake ɗauka. Hanya dai lanƙwasa ce kamar maciji, daga birnin Kolombo awa biyar zuwa shida, ku riƙe maganin jiri.

Malamin tarihi, Ringim:

Bari in ƙara da abin da za ka riƙa ba Baba labari a hanya. Asali kofi ake nomawa a tsaunukan nan. Wata cutar ganye ce ta faɗa wa kofin daga 1869 ta cinye gonaki, sai manoma suka koma shayi, wanda wani ɗan Sikotland, James Taylor, ya fara shukawa a gonar Loolecondera kusa da Kandi a 1867. Lipton ɗin da Baba ya sayar shekara da shekaru sunan mutum ne, Thomas Lipton, wanda ya sayi gonaki a can a 1890. Masana'antarsa ta Dambatenne tana nan kusa da Haputale tana aiki, ana shiga da baƙi. Can zai ga yadda ake baza ɗanyen ganye ya yi yaushi, a murza shi a inji, a bar shi ya sha iska har ya rine, a busar, a tankaɗe a ware manya da gari. Sunan Silon da ke jikin kwali kuwa tsohon sunan ƙasar ne, a 1972 aka canza.

Roƙona ɗaya. Matan da ke tsinkar ganyen yawancinsu Tamil ne, jikokin leburorin da Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya, kuma har yau suna cikin masu ƙaramin ƙarfi a ƙasar. Kada a tsaya ɗaukar hotonsu daga mota. Baba ya sauka ya gaishe su, a yi musu ihsani. Shi da su sana'a ɗaya ce ta haɗa su, su a farkonta shi a ƙarshenta.

Alhaji na Haɗeja:

Ni dai ra'ayina daban. Kuɗin nan zai haƙa rijiyar burtsatse da sunan tsohon, lada na gudana. Ko ka sake kai shi Umra. Yawon kallon gumaka ba namu ba ne yaro.

Baban Hauwa:

Na gode Alhaji, maganarku abin dubawa ce. Rijiyar tana cikin niyyata in Allah ya yarda.

Abu Maryam, Kazaure:

Alhaji ya faɗi gaskiya kan rijiya, amma faranta ran mahaifi yana raye shi ma ba ƙaramin lada ba ne, kuma Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fari halitta. Batun wuraren bauta, ba dole ba ne. Ka tambayi malamin da kuka yarda da shi, ka kuma tambayi Baba da kansa. In ba zai shiga ba, a Kandi akwai tafki dab da wurin bautar, sai ku zauna ku sha iska. In kun shiga, takalmi da hula ake cirewa, kuma kada a ɗauki hoto an juya wa mutum-mutumin Buddha baya, laifi ne babba a wurinsu.

Kada kuma a ɗauka babu namu a ƙasar. Kusan mutum ɗaya cikin goma Musulmi ne. Larabawa Sarandib suke kiranta, Ibn Battuta ma ya je a 1344 ya hau tsaunin da ake cewa akwai sawun Annabi Adamu a kansa. Hawansa ya fi ƙarfin Baba. Ku daidaita tafiyar ku yi Juma'a a Jan Masallaci, Jami'ul Alfar, da ke unguwar Pettah a Kolombo. Abincin halal ba ya wuya a garuruwa, sai dai yaji da kwakwa sun yi yawa. A gidajen gona ku faɗa musu tun da wuri, ko ku tsaya kan kifi da ganye.

Ummu Fadila, Dutse:

Kan namun daji, Yala damisa ake zuwa nema, ana iya wuni a jif ana jijjiga ba a gan ta ba, ga cunkoson motoci. Dajin Udawalawe ya fi dacewa da dattijo. Giwa ce garke-garke da 'ya'yanta, ga ɓauna da ɗawisu da kada, fita ɗaya da safe ta wadatar. Ku je tsakanin Janairu da Maris, lokacin ruwa ya yi sauƙi a tsaunuka. Amma ku ɗauki rigar sanyi da safa, Nuwara Eliya ta haura mita 1,800, darenta kamar tsakiyar hunturu ne. Kada ka ba kamfanin nan ko kwabo sai biza ta fito, kuma ku yi katin rigakafin zazzaɓin shawara, ana tambayar 'yan Najeriya. Babu jirgi kai tsaye, sai an ya da zango a Doha ko Dubai, don haka ka nemar wa Baba keken guragu a filin jirgi tun wajen yankar tikiti.

Baban Hauwa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na karanta wa Baba amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan James Taylor da matan nan masu kwando sai ya yi shiru, ya ce in sake karantawa. Ya ce dutse da gumaka a bar su, giwa zai kalla sau ɗaya, amma masana'antar yana so ya wuni a ciki. Ya kuma ce a fara aikin rijiyar kafin mu tashi, don kada a ce ya tafi ya bar gari da ƙishirwa. Na rubuta wa kamfanin su rage zuwa kwana tara, biyar a gonar shayi.

Yau da safe na tarar ya fito da tsofaffin kofunansa biyu na sheƙa shayi yana wankewa. Wai zai haɗa wa matan gonar irin namu, da madara da citta da kanumfari. Maman Sadik, a gidajen gonar nan suna barin baƙo ya shiga kicin ya ɗora tukunya da kansa?